Cittar Masu Dubiya

A Kirsimetin da ya wuce muna zaune a tsakar gida, na ji Godiya tana ba 'ya'yanta labari tana dariya, wai kakansu, wato ni, ya taɓa korar matan zumuntar coci daga gidan nan saboda citta. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi murmushi, don ba na son ɓata wa mutane cin shinkafa. Amma maganar ta zauna mini a rai. Godiya, lokacin da abin ya faru kina firamare, Bulus yana rarrafe, Alheri kuwa ba a haife ta ba. Abin da kuka sani a bakin mutanen unguwa kuka ji shi, kuma ban ce ƙarya suka yi muku ba. Akwai dai abin da suka tsallake. Shi ya sa na keɓe wannan babi ga shekarar da mahaifiyata ta zauna tare da mu a Sabon Tasha. Zan faɗi abin da na gani, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba. Mamanku Rifkatu tana nan, in na yi kuskure ta gyara mini, ai ta saba.

Kakarku Ladi, wadda duk muke ce wa Mama, manomiyar citta ce tun kafin a haife ni. A ƙauyenmu can bayan Kachia ba a tambayar mutum ko yana noman citta, sai dai a tambaye shi wace iri ya shuka bana. Akwai tafin giwa, mai faɗi, rawaya, wadda 'yan kasuwa suka fi so. Akwai yatsun biri, sirara, mai duhu, wadda zafinta ke hawa kai. Mama takan sayar da tafin giwa ta ajiye yatsun biri don gida. Ana shukawa da ruwan farko, a rufe gonar da ciyawa da ganye, a yi ta jira har damina ta ɗauke ganyen ya yi rawaya. Sai tono. Daga nan mata su zauna a kan falalen dutsen da ke bayan gari, kowace da 'yar wuƙarta, suna tsaga cittar gida biyu suna shanyawa, suna hira, suna waƙa, suna gulmar wadda ba ta zo ba. Bayan rasuwar babanmu, da wannan dutse da wannan wuƙa Mama ta kai ni har jami'a. Hannunta ba ya rabuwa da ƙanshin citta ko ta wanke da sabulu. Da shi take taɓa goshina in ina zazzaɓi, har yau kuma in na bi ta layin masu kayan yaji a kasuwa sai na rage tafiya ba tare da na yi niyya ba.

Farkon wannan shekarar yayata Saratu, wadda ke aure a ƙauyen, ta aiko direban motar kasuwa ya gaya mini Mama ta faɗi a gona, bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu ya yi nauyi. Na je na ɗauko ta. A asibiti a nan Kaduna suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ƙarama, an yi sa'a. Likitan da ya riƙe ta, wani mutum mai haƙuri wanda ba ya gaggawar magana, ya bayyana mini cewa zuciyarta ba ta bugawa daidai, shi ya sa jini kan yi gudaji a ciki, gudan ya tafi ya toshe hanya a kai. Ya ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini. Ya ce maganin yana da kyau amma yana da tsiya: in ya yi kaɗan gudan zai dawo, in ya yi yawa jini zai riƙa zuba ya ƙi tsayawa. Don haka sai an riƙa gwada jininta a kai a kai, kuma kada ta sha wani magani, na asibiti ko na gida, sai an gaya masa. Na ce na ji. Na ma sa ya maimaita, don ni digirina na labarin ƙasa ne, taswira da duwatsu nake koyarwa a sakandare, ban san komai a kan jini ba.

Muka gyara mata ɗakin da yanzu ya zama na baƙi. Na yi zaton za ta sha wahalar zaman birni, sai ga shi watannin farko sun fi kowane lokaci daɗi a gidan nan. A shekarun nan mutanenmu da yawa sun taru a wannan gefen kogin Kaduna, har ya zama in ka fita daga ƙofarmu ka yi tafiya kaɗan sai ka ji yarenmu ta kan katanga. Da labari ya bazu cewa Ladi tana gidan ɗanta ba lafiya, sai dubiya ta ɓarke. Matan zumuntar cocinmu, waɗanda rabinsu tare suka yi 'yan matanci da ita ko da ƙannenta, suka mayar da gidanmu wurin zuwa. Nakan dawo daga makaranta in tarar da takalma jibge a ƙofar falo, in ji dariya tun daga bakin titi. Shugabarsu, Uwar zumunta, Mama Talatu ce, mace mai jiki da murya, wadda suka taso gida da gida da Mama. Ita ce ke fara tsokana.

"Ladi, wannan ciwon naki na gata ne. Kujera mai laushi, fanka, suruka na yi miki tausa. Ni ma gobe zan faɗi."

"Faɗi mana," in ji Mama da bakinta da bai gama daidaita ba. "Wa zai iya ɗaga ki? Sai an kira masu dakon buhu."

Ranar da suka zo da yawa sukan kawo tulun kiɗa da gora, su yi waƙoƙin sujada da Hausa, su juya zuwa yare, Mama tana buga cinya da hannunta mai lafiya. Godiya, ke kike rawa a tsakiya, ko da yake na san ba za ki tuna ba.

To, ga abin da ya kamata ku fahimta. A wajenmu ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma abin da macen ƙasar citta ke riƙowa ruwan citta ne. Ba irin wanda ake sayarwa a leda da sanyi ba. Busasshiyar yatsun biri ake dakawa, a zuba da yawa, a haɗa da kanumfari da masoro, wasu har da tafarnuwa, a tafasa har ruwan ya yi duhu, a ɗura a filas. Kowace mace tana alfahari da nata, wadda nata ya fi sa mutum tari ita ce gwana. In ta zo za ta zuba da hannunta, ta miƙa wa mara lafiya, ta zauna tana kallo har ya shanye. Mara lafiya ba ya cewa a'a. In ya ƙi, ya nuna ke nan yana zargin abin da ke cikin kofin, wannan kuwa magana ce da kan raba gidaje. Wata rana mata uku ne za su zo, wata rana sun fi haka, kowace da filas ɗinta, Mama kuma ta sha na kowa, sau da yawa kafin ta ci wani abu. Ni kaina na sha ganin filas-filas a jere a kan tebur, ban kuma haɗa su da maganar likita ba. A kaina citta abinci ce, kamar gishiri.

Rifkatu ce ta fara lura. Ta ce in Mama ta yi asuwaki sai ta tofar da jini. Bayan haka muka ga wasu tabo masu duhu a damtsenta da cinyarta, alhali ba ta bugu da komai ba. Tana kuma yawan kukan ƙwannafi. Na shiga damuwa, na ce mu koma asibiti kafin ranar gwaji, Mama ta ce jikin tsufa ne, in bar ta. Sai wata safiyar Asabar tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, haɓo ya ɓalle mata. Muka matse hancin, muka sa ruwan sanyi, muka jira. Ya jiƙe ɗankwali, ya jiƙe tawul, bai tsaya ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A cikin tasi ina riƙe da kanta, ita ce ma take ce mini in kwantar da hankali.

A asibiti suka tsayar da jinin, suka gwada, suka ce ya tsinke fiye da kima. Likita ya zauna ya yi ta tambaya. Ko ta ninka ƙwayar bisa kuskure? Rifkatu ce ke ba ta, ba a ninka ba. Ko ta sha maganin ciwon jiki daga kemis? Ba ta sha ba. Ko jiƙo, ko saiwa? Mama ta ce ita 'yar zumunta ce, ba ta bin masu saiwa. Sai Rifkatu ta ce a hankali, sai dai ruwan cittar da masu dubiya ke kawowa. Ya tambayi yadda ake haɗa shi da yawan da take sha. Da ya ji, ya ajiye biro.

"Malam, ba zan ce maka tabbas citta ce ba," in ji shi. "Masana ma ba su gama daidaitawa a kai ba. Amma ana zargin citta mai yawa tana ƙara wa wannan magani ƙarfi, tafarnuwa ma haka, kuma ban ga wani abin da ya canza a wajen Mama ba sai wannan. 'Yar wadda ake sa wa a miya ko a kunu ba ta dame ni ba, ta ci abinta yadda ta saba. Wannan mai kaurin na filas, a daina. Yau ta hanci ya fito. In a cikin kai ya zuba, ba za mu sami lokacin yin wannan hirar ba."

Mama ta dube shi ta ce, "Likita, da cittar nan na yi wannan da kake kira Malam."

Ya yi dariya ya ce ya yarda, citta ba abokiyar gaba ba ce, shi ma yana shan ta in mura ta kama shi. Ita da ƙwayar ce ba sa zama wuri ɗaya da yawa.

A hanyar gida na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta fara ba. Na ce wa Mama in sun zo ta ce musu likita ya hana. Ta ce ita baƙuwa ce a garin nan, kuma a kwance take, ba za ta dubi idon Talatu ta mayar mata da kofi ba. Na ce to ta ɗan kurɓa ta ajiye. Ta ce ashe na manta mutanenmu, ai sai sun ga gindin kofi. Na roƙi Rifkatu ta faɗa a taron zumunta, tun da ita ma 'yar ciki ce.

"Baban Godiya, ni suruka ce," ta ce. "In na buɗe baki, gobe za a ce matar ɗa ta hana a kula da uwar miji. Kai aka haifa a cikinsu. Kai za ka faɗa."

Na yi kwanaki ina juya yadda zan faɗa. A cikin kwanakin nan mata biyu suka zo, Mama ta sha na kowace, ni kuma na kasa cin abinci. Ranar da suka zo gaba ɗaya bayan taronsu, sanye da zanen zumunta iri ɗaya, na dawo daga makaranta da wuri. Na tarar Mama Talatu ta riga ta buɗe filas. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa kamar yadda ya kamata, na ce ina da 'yar magana. Ina jin na tsawaita magana. Na san halina, in ina tsoron kada a fahimce ni ba daidai ba sai in yi ta ƙari, ƙarin kuma ya ɓata abin. Na yi bayanin zuciya, da gudan jini, da ƙwaya. Na ce ba a tabbatar ba amma ana zargi. Na ce ba laifin kowa ba ne. Na ce don Allah su ci gaba da zuwa, in ya zama dole su riƙo wani abu, lemu ma ya isa. Na ambaci tawul ɗin da ya jiƙe da jini, wanda wataƙila da ban ambata ba. Mama Talatu ta mayar da murfin filas, ta murɗa shi a hankali.

"Ishaya," ta ce, "wato mu ne muka zubar wa Ladi da jini."

"Mama, ban ce haka ba."

"Ba ka ce ba. Mun dai ji." Ta juya wajen sauran. "Ku tashi mu yi addu'a, kada mu gajiyar da mara lafiya."

Suka yi addu'a gajeriya, kowace ta ɗauki filas ɗinta. Babu wadda na kora, wannan ina so ku riƙe. Na raka su har bakin titi ina ba da haƙuri. Mama kuwa tun daga farko har ƙarshe tana kallon hannunta na hagu a kan cinya.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke. Na daɗe ina ɗauka fushi ne, sai da na je gidan Mama Talatu da kaina na gane ba shi kaɗai ba ne. Ta karɓe ni da kyau, ta ba ni ruwa. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ɗa ne ke tsoron rasa uwa. Amma in duba: yanzu duk wadda ta shiga gidana, in wani abu ya sami Ladi washegari, sunanta za a kira. Kuma ita ba za ta iya ratsa unguwa da lemu a leda kamar mai zuwa gaida baƙon da ba ta sani ba. Bayan wannan ziyara ta zo, wasu ma suka zo, amma a tsaitsaye. Su zauna a bakin kujera, su tambayi jiki, su yi addu'a, su tashi. Ba tulu, ba tsokana.

Jinin Mama kuwa ya daidaita. Duk gwajin da aka yi bayan haka likita ya ce ya yi kyau. Dasashinta ya daina jini, tabon suka baje, ƙwannafin ya tafi. Rifkatu tana sa mata 'yar citta a miya da kunu kamar yadda aka yarda. Ta fannin da na roƙi Allah, ya amsa mini. Sai dai Mama ta zama wata mace dabam. Da safe takan ja kujera zuwa bakin ƙofar gida ta zauna tana kallon bas-bas da 'yan acaɓa, in ta hango zanen zumunta daga nesa sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, mai zanen kuma ta ɗaga hannu ta wuce. Ta rage cin abinci. Ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba. Da ta faɗa, da na sami abin da zan amsa. In na dawo daga aiki na zauna kusa da ita ina neman hira, sai ta ce, "Tica, ka gaji, je ka huta." Haka take kirana in tana so ta ajiye ni a nesa cikin ladabi.

Akwai wani tsohon baho da ya fashe a bayan kicin. Da ruwan farko Mama ta cika shi da ƙasa ta binne 'yan yatsun citta da ta samu a kwandon Rifkatu, ta rufe da ciyawa kamar gonar gaske. Duk damina tana lallaɓa shi. Wata ranar Lahadi bayan sujada ta kira ni bayan kicin ɗin, ta nuna mini ganyen da ya fara rawaya.

"Citta ta nuna a gida," ta ce. "Yanzu haka sun fara hawa dutse. Ka mayar da ni."

Na ce Mama, asibiti fa? Gwaji fa? Na ce a nan mata kaɗan ne ke kawo filas, a can gari ne gaba ɗaya, kowane gida da tukunyarsa a wuta. Na ce in haɓo ya ɓalle a can, kafin a sami mota a kawo ta Kaduna, me zai faru? Na faɗi duk abin da ke hana ni sukuni, ta bar ni na gama.

"Na ji maganar likita, da kunnena na ji," ta ce. "Ta miya da ta kunu, ban da ta filas. Ƙwaya kullum. In na ga jini in faɗa. Ni ba yarinya ba ce, Ishaya. Ka tsare ni, na gode. Amma dubi yadda nake. A nan ba ni da aikin yi sai jiran ranar gwaji."

Na koma wurin likita ina fatan zai hana, don in sami wanda zan jingina da shi. Bai hana ba. Ya ce hatsarin yana nan, ba zai ɓoye mini ba, nisa da asibiti ba abin wasa ba ne ga mai shan wannan ƙwaya. Amma in za a riƙa kawo ta gwaji a kan lokaci, kuma akwai mai ba ta magani da ido a kanta, shi ba zai ɗaure tsohuwa ba. Ya ce shawara tawa ce da ita. Rifkatu ta ce duk abin da na yanke tana bayana, sai dai ta lura zanen Mama ya fara yi mata yawa. Saratu ta aiko cewa za ta koma ɗakin Mama da kwana. Na yi addu'a, na yi ta lissafin abin da ka iya faruwa, ban sami wata alama ba. A ƙarshe na yarda, kuma ba don tsoron ya tafi ba.

Zan gaya muku yadda ta ƙare tun yanzu, don kada ku karanta sauran da fargaba. Mama ta ƙara ganin tonon citta ba ɗaya ba bayan wannan. Nakan je in ɗauko ta a yi gwaji, jinin wani lokaci ya ɗan hau, wani lokaci ya ɗan sauka, likita ya gyara ƙwaya. Haɓo irin na ranar Asabar ɗin nan bai sake zuwa ba, iya sanina. Amma ba ta ƙara kwana a gidan nan ba. Daga asibiti sai tasha, ko na roƙe ta sai ta ce akuyoyinta na jiran ta. Ta rasu a ɗakinta da rana tsaka, Saratu na gefenta, ni ina cikin aji. Ba a ce jini ne ba, ba a ce gudan ne ba, ban kuma san ko da tana Kaduna da an yi wani abu ba. Na tambayi kaina wannan har na gaji.

Ranar da na mayar da ita, na ɗauki shatar mota. Tun da muka wuce Kujama ta fara zama sosai a kujera, tana kiran sunayen garuruwa kafin mu iso su. Da muka kusa, ƙanshin ya riga garin zuwa, citta a shanye gefen hanya hagu da dama. Ba ta yarda mu fara zuwa gida ba, ta ce direba ya bi ta bayan gari. Matan suna kan dutse. Wata ta ɗago kai ta gane ta, ta yi guɗa, sai dutsen ya rikice. Suka zagaye motar, suna taɓa fuskarta, suna cewa birni ya cinye ta, ina naman da ta tafi da shi. Aka shimfiɗa mata buhu a inuwa. Ban gama sauke kaya ba na ga abin da nake tsoro: wata tsohuwa, ƙanwar babanmu, ta taho da kofin silba yana tururi, ruwan ciki baƙi ƙirin. Ta durƙusa ta miƙa. Na yi niyyar magana, na tuna falonmu.

Mama ta karɓa da hannu biyu, mai lafiyar yana tallafe da ɗayan. Ta kai hanci ta shaƙa, ta lumshe ido, ta daɗe a haka.

"Yatsun biri," ta ce. "Ta gonar rafi ce wannan. Hannunki bai mutu ba." Sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Likitan Kaduna ya sa mini doka, ni da wannan sai dai hanci. Amma ba a mayar da kofi a gidanmu. Ga ɗana, shi zai sha mini. Ishaya, zo ka karɓi gaisuwar gwaggonka."

Aka yi shewa. Babu wadda ta ɓata rai. Na sha tunanin me ya sa ba ta yi haka a Sabon Tasha ba, abin da na iya ganowa shi ne, a can mara lafiya ce a gidan wani, a nan kuwa ita ce babba a kan dutsenta, abin da ta faɗa ya zauna. Wataƙila akwai wani dalilin da ban sani ba. Na karɓi kofin na kafa kai. Wuta ta bi maƙogwarona ta fito ta ido da hanci, na yi ta tari, matan suna tafa hannu suna cewa ɗan boko ya manta ruwan garinsu. Kafin in farfaɗo wata ta kawo nata. Na sha na mata da dama a ranar, ban ƙi ko ɗaya ba, Mama tana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun ranar da aka rufe filas a falonmu.

Da rana ta karkata direba ya fara duba agogo. Na ja Saratu, wadda ta zo ta same mu a dutsen, gefe na ba ta ƙwayoyin, na maimaita mata komai: lokacin sha, abin da za ta duba a baki da fata, ranar da zan dawo, wanda za ta aika in wani abu ya faru. Ta ce na riga na faɗa mata tun da ta iso. Na je na durƙusa gaban Mama na fara maimaita mata ita ma. Ta ɗora hannu a kaina.

"Ishaya, hanya da nisa. Ka gaida Rifkatu, ka ce na gode. Tashi."

Na shiga mota. Direba yana juyawa na leƙa ta taga. Ta riga ta bar inuwar ta matsa cikin matan, ta ja tulin citta gabanta, ta danne guda da hannun nan mai nauyi. Sai na ga ta miƙa ɗayan, wata ta saka mata wuƙa a ciki. Mai shan maganin tsinka jini, da wuƙa, da hannun da ba ya riƙo sosai. Na sauke gilashi, maganar tana bakina. Ta tsaga ta farko gida biyu ta jefa kan dutse, ta ce wani abu da ban ji ba, matan suka kwashe da dariya. Ba ta waiwayo ba.

Direba ya ce, "Malam, ka yi mantuwa ne?"

Na ce a'a, mu tafi.